Na Yi Shatar Jirgi Zuwa Mahaɗar Kwara da Binuwai a Lakwaja

Shekara 24 ke nan ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a Zariya, kuma babu shekarar da ba na ɗaukar alli in zana wa yara alamar nan mai kama da gwafa, in ce ga Kwara ta nan, ga Binuwai ta can, ga inda suka haɗu, Lakwaja ke nan. In ɗauko tambarin Najeriya in nuna musu farin layin da ya rabu biyu a kan baƙar garkuwa, in ce kogunan nan biyu ne. Amma ni kaina ban taɓa tsoma hannu a ruwan ba. Na ratsa Lakwaja ya fi sau goma a mota, yawanci da dare, a tsaya a yi salla, a ci abinci, a wuce. A watan Janairun da ya wuce ne muka je duba babban ɗanmu da ke bautar ƙasa a Jihar Kogi, ni da uwargida da ƙaninsa, na ce wannan karon sai na shiga ruwa. Ga yadda ta kaya, don amfanin wanda yake da niyyar yin haka.

Da farko dai kada ka sa ran ofis, ko allon sanarwa, ko wani mai tikiti a bayan tebur. Mutanen da suka ɗauke mu sana'arsu ta yau da kullum ita ce fito, su kwashi fasinja da kaya daga bakin Kasuwar Kpata su ƙetara da su Shintaku da ƙauyukan da ke wancan haye. In baƙo ya zo yana son ganin mahaɗa, sai a yi masa shata. Yaron nawa ne ya samo su ta hannun wani abokin aikinsa. Da muka isa da misalin ƙarfe takwas na safe, wani matashi ya tare mu ya ce naira 40,000. Muka yi ta ja har muka tsaya a 25,000, awa biyu da rabi, man fetur a ciki, sannan 5,000 daban ta matashin, domin shi zai riƙa yi mana bayani. Wannan ne abu na farko da bai yi mini daɗi ba. Ba kuɗin ne ya yi yawa ba, a tsadar man yanzu ban ga zalunci a ciki ba. Rashin tsayayyen farashi ne, ana duban rigarka kafin a yanka maka. Wanda bai iya ciniki ba, ko bai da ɗan gari a gefensa, zai biya kusan ninki.

Jirgin na katako ne, dogo, da benci biyar da rumfar tamfol shuɗiya, da injin Yamaha a baya. An wanke shi, kuma babu ruwa kwance a cikinsa, abin da na fara dubawa ke nan. Matuƙin dattijo ne Banufe, da furfura a gemu, Hausarsa tsaf. Jikansa ne ke zaune a goshin jirgi da doguwar gora. Mu shida ke nan har da matashin, ban da matuƙi. Rigunan ceto uku aka fito da su, ɗaya ma maɗaurinta ya tsinke. Na ce ba za mu shiga ba sai kowa ya samu. Dattijon ya ce, "Malam, a ruwan nan aka haife ni, a nan na tsufa." Na ce, "Baba, kai aka haifa a ciki. Mu a kan tudu aka haife mu, kuma ga iyali." Bai yi musu ba, ya aiki jikan ya aro daga wani jirgi. Mun ɓata minti ashirin a kan haka kuma ban yi da-na-sani ba. A watan Yunin 2023 mutum fiye da 100 suka rasu a kogin nan a yankin Patigi, 'yan ɗaurin aure suna komawa gida da dare. Wanda ya san wannan ba zai ji nauyin tambayar riga ba.

Abin da ya biya ni kuɗina ya zo ne tun minti goma na farko, kafin ma mu kai mahaɗa. Da jirgi ya yi nisa da gaɓa na waiwaya, sai na ga wani gari daban da wanda na sani. Mai wucewa a mota bayan Lakwaja yake gani: gidajen mai, tireloli, masu soya doya da kifi, ƙura. Daga ruwa kuwa fuskarta kake gani. Ga Dutsen Patti ya tokare ta daga baya, ga gidaje sun gangaro sun yi sahu a bakin kogi, ga tsohuwar kasuwa ta buɗe baki ga ruwa, ga tsofaffin ɗakunan ajiyar kaya na kamfanonin Turawa da kwanonsu mai tsatsa. Duk wanda ya kafa garin nan ruwa yake kallo lokacin da yake kafa shi. Baba ya ce a yarensu kalmar kpata ma'anarta mashigar jirgi ce, wato kasuwar ma sunan tasharta ta ci. Na yi shekaru ina gaya wa yara cewa Lakwaja tashar ruwa ce, sai ranar na gane abin da nake faɗa.

Tafiyar zuwa mahaɗa ba ta kai rabin awa ba. Ba wuri ɗaya ba ne da za ka nuna da yatsa ka ce ga shi. Fili ne na ruwa mai faɗin gaske, da tsibiran yashi da ciyayi sun rarraba shi, ga hazon hunturu ya rufe ɗaya gaɓar har ba ka ganin ƙarshenta. Baba ya rage wuta ya ce mu duba ƙasa. Ta hannun dama ruwan ya fi duhu da ƙarfi, ta hagu ya fi haske da sanyin tafiya, suna gudu kafaɗa da kafaɗa kafin su gauraya. Ƙaramin yaron ya tsoma hannu ɗaya a nan ɗaya a can. Uwargida, wadda tun gida take cewa ita ba ta ga abin kallo a ruwa ba, ta yi ta tasbihi.

A nan ne dattijon ya nuna cewa shi ne ainihin malamin tafiyar. Ya ce Binuwai cika ɗaya take yi a shekara, da damina, ta tumbatsa wajen Satumba da Oktoba, sannan ta janye har yashi ya fito. Kwara kuwa sau biyu take kawo ruwa: farin ruwa na damina mai laka, da baƙin ruwa da ke isowa cikin sanyi, lokacin da ko ɗigo ba a yi a ƙasar nan. Ya ce tun kakanninsu haka suka sani, sai dai tun da aka datse ta a Kainji da Jebba madatsun ne ke juya yawan abin da ke isowa. Na san dalilin baƙin ruwan daga littafi, shi kuma ya san shi daga gora. Kwara tana tasowa ne daga tsaunukan Gini, ta yi tafiyar kilomita wajen 4,180, ta bi ta Bamako, ta bazu a wata makekiyar fadama a ƙasar Mali inda take yin watanni tana jan ƙafa, lakarta ta kwanta, sannan ta biyo ta Gawo da Yamai da Yawuri. Ruwan saman da aka yi a Gini a watan Agusta, shi ne yake isowa ƙasarmu a Disamba da Janairu. Binuwai kuwa gajera ce a kanta, kilomita wajen 1,400 daga tuddan Adamawa na Kamaru, ta Garwa da Yola da Ibi da Makurdi, babu irin wannan fadama da za ta tsaya ta huta.

Wannan bambanci shi ne asalin arzikin Lakwaja, kuma ina ganin duk mai bayanin wurin da nan ya kamata ya fara. Babban jirgi ba ya iya hawa Binuwai zuwa Yola da Garwa sai cikin 'yan watannin cikar ruwa. Kwara ta ƙasa kuwa, daga mahaɗa zuwa teku, tana ɗaukar jirgi mafi yawan shekara. To kaya dole su jira a wani wuri. Gishiri da yadi da ƙarafa da suka taso daga teku sai a sauke a tara, ana jiran ruwan Binuwai. Gyaɗa da auduga da kaɗanya da riɗi da fatu da suka gangaro daga arewa sai a juye su daga ƙaramin jirgi zuwa babba. Inda kaya suke jira, nan ɗan dako yake samu, da mai masauki, da dillali, da tafinta, da mai tuwo. Tun kafin Bature ya zo ma haka abin yake. Kede, wato Nufawan ruwa, su ne sarakan fito daga sama, Kakanda suna nasu yankin, Igala na Idda suna riƙe da ƙasa, kuma ga Gbobe can a ɗaya hayen, wadda Baba ya nuna mana da haɓa, kasuwa ce babba tun Lakwaja ba ta zama gari ba. Fatake Hausawa suna kawo kanwa da dawaki da tufafi. Kuma a faɗi gaskiya, bayi ma suna cikin hajar da ruwan nan ya ɗauka, masu yawan gaske.

Matashin da na biya 5,000 ya ɗauki zancen daga zuwan Turawa, kuma ya yi ƙoƙari. Ya haddace abinsa, muryarsa tana fita duk da ƙarar inji, yana juyawa tsakanin Hausa da Turanci saboda yaran. Ya faɗi yadda 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, suka biyo ruwan a kwale-kwale daga Busa a 1830 har suka ɓulla teku, aka tabbatar da inda Kwara take ƙarewa. Bayan shekara biyu wani ɗan kasuwa, Macgregor Laird, ya zo da jirage masu tururi. Abin da matashin bai sani ba, na ƙara masa, ya kuma ji daɗi, shi ne ɗaya daga cikin jiragen sunan Hausa aka raɗa masa, Alburkah, wato albarka. Daga cikin Turawa 48 da suka zo a tafiyar, 9 ne kawai suka koma da rai. Zazzaɓin cizon sauro ne ya cinye su. A 1841 gwamnatin Ingila ta sake turo jirage uku, aka karɓi fili daga Attah na Igala a daidai wannan wuri don a kafa gonar gwaji, zazzaɓi ya sake watsa su. A cikin ayarin akwai 'yan mishan biyu, Samuel Ajayi Crowther da wani Bajamushe, Schön, wanda daga baya ya shafe shekaru yana rubuta nahawu da ƙamus na Hausa.

Wanda ya karya lagon zazzaɓin likita ne, William Baikie. A 1854 ya hau Binuwai da jirgi, yana ɗura wa mutanensa kwinin kullum, ya koma bai rasa ko mutum ɗaya ba. Ya dawo a 1857, jirginsa ya daki dutse kusa da Jebba ya nutse, shi kuwa ya ƙi komawa gida. Daga baya ya sauko ya zauna a gindin Patti, a ƙarƙashin inuwar Etsu Masaba na Bida, ya buɗe kasuwa, yana magani, yana shari'a, yana rubuta Hausa, bayin da aka fansa suna taruwa a kewayensa. Ya bar wurin a 1864 ya rasu a Saliyo a kan hanyar gida. Masaba ba don Allah kawai ya ba shi wuri ba. Ta ruwan nan bindiga da albarushi suke iso masa, da su Bida ta yi ƙarfin da ta yi. Akwai kuma wani mutum da nake son a riƙa ambata a jirgin nan, Abbega, yaron da aka 'yanta daga bauta ya bi matafiyin nan Bajamushe, Barth, har Ingila a 1855 tare da wani yaron, Dorugu, ya dawo ya yi aikin tafinta a bakin kogin nan, daga ƙarshe ya zama sarkin garin. Har yau sarautar Lakwaja da sunan Hausa ake kiranta, Maigari.

Daga nan sai zamanin kamfani. George Goldie ya haɗe 'yan kasuwar Ingila da ke kogin a 1879, ya sayi na Faransa ya kawar da su, a 1886 ya samu takardar izinin sarauniya, kamfanin ya zama Royal Niger Company, mai soja da kotu da kuɗin fito. Duk wanda zai yi ciniki a ruwan sai da yardarsu, har mutanen Brass da aka toshe wa hanyar abinci suka far wa tasharsu ta Akassa a 1895. Lakwaja ce barikin sojan kamfanin, daga nan aka tashi aka ci Bida da Ilori a farkon 1897. Bidan da ta ba Baikie wurin zama, daga wurin aka fito aka ci ta. Ranar 1 ga Janairun 1900 aka sauke tutar kamfani a garin nan, Gwamna Lugga ya ɗaga ta Ingila, bayan gwamnati ta biya kamfanin fam 865,000. Mulkin mallakar Arewa daga bakin ruwan nan ya soma.

A nan matashin ya yi tuntuɓe. Ya nuna saman Patti ya ce a can 'yar jaridar nan Baturiya, Flora Shaw, ta tsaya tana kallon kogi ta raɗa wa ƙasar nan suna Najeriya a 1914. Na bari sai da ya gama, na ce masa, "Ɗana, sunan ya fito ne a rubutunta a jaridar Times ta Landan a watan Janairun 1897, kuma sai 1902 ta auri Lugga. Shekarar 1914 ta haɗe Kudu da Arewa ce." Ya ce haka ya ji manya suna faɗa. Na yarda da shi, don labarin ya yaɗu. Amma wanda ake biya don ya yi bayani, nauyi ne a kansa ya tace. Gari mai tarihin gaske irin wannan ba ya bukatar ƙari. Abin da ya fi damuna shi ne duk bayaninsa Turawa ne a ciki. Kede da Kakanda da Oworo masu ƙasar tudun, da sojojin Hausawa da aka ɗauka a barikin nan, da matan da suka riƙe kasuwar, babu su. Sai da na riƙa juyawa ga Baba ina tambaya.

Muna juyowa ta bayan wani tsibiri sai inji ya yi tari ya mutu. Uwargida ta riƙe hannuna. Baba bai ko ɗaga murya ba, ya ɗago injin, ga buhun leda da ciyawar ruwa sun naɗe farfela. Jikan ya kafa gora ya tsayar da mu, gorar ba ta nutse ta kai ƙirjinsa ba, a tsakiyar kogi. Minti biyar suka warware. Ban ɗora musu laifin wannan ba, ledar daga gari take zuwa. Na kuma yaba da natsuwarsu. Amma babu filafili ko ɗaya a jirgin, gora kaɗai, kuma da a wuri mai zurfi abin ya faru da ruwa ya tafi da mu. Na gaya wa Baba haka, ya ce gaskiya ne, an ara ne ba a mayar ba.

Cikin wannan shirun na minti biyar na lura da abin da ƙarar inji ta ɓoye mini. Kogin babu kowa, in ka auna da girmansa. Na ƙirga abin da idona ya kai: masunta huɗu suna jefa birgi, kwale-kwale biyu na masu haƙar yashi sun nutse har baki, jirgin fasinja ɗaya ɗauke da mata da buhunan garin rogo da babura biyu. Babban jirgin dakon kaya ko ɗaya babu. Na tambayi Baba ko ya riski zamaninsu. Ya ce yana yaro yakan ga jiragen kamfani suna jan manyan kwatarniyoyin ƙarfe cike da buhuna, daga Garwa da Yola zuwa Burutu, in sun yi kuka duk gari ya sani, 'yan dako su fito da gudu. Mahaifinsa yana cikin masu nuna musu hanya, domin yashin kogin nan yana tafiya, inda ka bi bara ba nan za ka bi bana ba. Ya ce da yaƙin basasa ya zo a 1967 aka rufe ƙasan kogin, jiragen suka tsaya, bayan yaƙi kuma ba su dawo yadda suke ba.

Yaƙin ƙarasawa ya yi, ciwon ya daɗe. Hedikwatar Lugga ba ta jima a nan ba, ta koma Jebba, ta koma Zungeru a 1902, daga baya Kaduna. Sannan jirgin ƙasa. Lokacin da aka soma shimfiɗa dogo daga Baro zuwa Kano a 1907, ta ruwan nan aka hau da ƙarafan da kawunan jirgi, suka wuce ta gaban Lakwaja. Dogo ya isa Kano a 1911, aka haɗa shi da na Legas, aka gama gadar Jebba a 1916, gyaɗar Kano ta kama hanyar Legas ba tare da ta ga mahaɗa ba. A 1932 gadar Makurdi ta ba dogon gabas hanya zuwa Fatakwal. Layi biyu, ɗaya ta yamma ɗaya ta gabas, Lakwaja a tsakiya babu ko ɗaya. Da kwalta ta zo, tirela ta kwashe abin da ya rage. Garin ya zauna a matsayin hedikwatar Lardin Kabba, sai 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Kogi ya zama babban birni, ga kuma hanyar Abuja da gadar Murtala a Jamata. Yau abincinsa a kwalta da albashin gwamnati yake. Sunan jihar kalmar Hausa ce, kogi, amma kogin ba shi ke ciyar da ita ba.

An yi yunƙuri. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa a Lakwaja take da hedikwata. A 2009 marigayi Shugaba 'Yar'aduwa ya zo garin nan ya ƙaddamar da aikin yashe kogin, kilomita 572 daga Warri zuwa Baro. A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya buɗe tashar Baro. Ga simintin Obajana a nan kusa, ga tamar Itakpe, ga masana'antar ƙarfe ta Ajakuta a bakin ruwa, irin kaya masu nauyin da ruwa ya fi kowa iya ɗauka da arha. Ra'ayina a matsayin malamin wannan fanni shi ne, yashe kogi irin wannan ba aikin yi-ka-gama ba ne, kamar sharar tsakar gida yake, kowace damina sai ta dawo da yashinta. Gorar yaron nan ta nuna mini haka da idona.

Abin da kogin bai daina kawowa ba shi ne ambaliya. Da muka matso gefen Ganaja, Baba ya nuna mana bangayen gidaje masu layi biyu na laka, ɗaya sama da ɗaya, ya ce na 2012 da na 2022. A shekarun biyu ruwa ya hau hanyar Abuja ya raba Arewa da Kudu kwana da kwanaki, a 2022 tankokin mai suka maƙale a wajen Kotonkarfe har Abuja ta shiga layin mai. Mutane sukan ɗora wa madatsar Lagdo ta Kamaru laifi duka. Tana da nata kason in an saki ruwa, amma yawancin ruwan Binuwai daga rassanta na cikin Najeriya yake, kuma gidaje da yawa an gina su ne a inda kogi ya saba kwanciya. Baba ya ce a ambaliyar 2022 da wannan jirgin ya riƙa ɗaukar mutane a kan titi, inda motoci suke bi.

Kafin mu koma ya tsaya da mu a wani tsibirin yashi inda masunta suka kafa bukkoki, wannan ba ya cikin ciniki, kyauta ya yi mana. Da na yi sallama sai aka amsa mini da Hausar Yawuri. Sun ce duk rani suke saukowa, in ruwa ya taso su koma. Uwargida ta sayi giwan ruwa guda da tarwaɗa huɗu a kuɗin da ba zai sayi rabinsu a Sabon Garin Zariya ba, wata mata ta gasa mana karfasa a kan wuta da yaji da albasa, muka ci a tsaye, ƙafafunmu cikin yashi mai sanyi. Ita uwargida har yau in ana zancen tafiyar, wannan take fara faɗa.

Mun sauka ƙarfe sha ɗaya da kwata, zafin Lakwaja ya soma duka. Mashigar ba ta da kyau: laka, bola, ruwan kwata yana gangarowa, babu matakala, babu bayan gida, babu inuwar da mai jira zai zauna. Dattijo ko mai ciwon ƙafa zai sha wuya. Ba laifin masu jirgi ba ne su kaɗai, amma su ke karɓar baƙi a wurin, kuma shara da katako biyu ba su fi ƙarfinsu ba.

Da na tambayi matashin hanyar unguwar Kabawa, ya yi mamakin abin da zan je yi. Na ce ziyarar kaburburan sarakuna. Turawa sun mai da garin nan wurin ajiye sarakunan da suka tuɓe, domin yana hannunsu sosai kuma yana nesa da jama'ar sarakunan. Sarkin Kano Alu a nan ya ƙare kwanansa a 1926. Namu na Zazzau biyu ne, Kwasau da Aliyu ɗan Sidi. Ya raka mu har wurin bai nemi ƙari ba, muka yi musu addu'a, shi ma ya ɗaga hannu tare da mu. Na ce masa ya riƙa haɗa wannan a cikin tafiyar, mutanen Kano da Zariya za su zo saboda shi. Ya rubuta sunayen da shekarun a wayarsa.

Wanda zai je, ya je da sassafe kafin iska ta tashi, tsakanin Nuwamba da Fabrairu in yana tare da iyali. Ya gama ciniki a kan tudu, ya tabbatar mai yana ciki, ya ƙirga rigunan ceto da hannunsa, ya tambayi filafili, ya ɗauki ruwan sha da hula. In an ba shi zaɓi tsakanin mai bayani da tsohon matuƙi, ya zauna kusa da matuƙin ya yi ta tambaya. Na karɓi lambar jikan Baba, na kuma kai wa shugaban makarantarmu takardar neman izinin kawo 'yan aji biyar su 20 a zangon farko na baɗi, jirgi biyu, da sharaɗin makaranta ta sayi rigunanta mu taho da su daga Zariya.